Lasin Takarda da Ijazar Hannu

Larurar ta'aziyya ce ta fitar da ni daga Tsafe a ƙarshen daminar da ta wuce, sa'ad da gero ya riga ya shiga rumbu, dawa kuwa ta fara sunkuyar da kai a gonakin da aka samu ikon nomawa. Gama labari ya iske ni cewa wani dattijon malami na ƙasar Bungudu, wanda na durƙusa gabansa shekara uku ina biya littafin Risala tun ina saurayi, ya riga mu gidan gaskiya, ba ya kuwa kyautuwa almajiri ya aika da gaisuwar irin wannan rashi ta waya alhali ƙafarsa tana iya kai shi. In a kan taswira aka duba, tafiyar ba ta taka kara ta karya ba: daga Tsafe zuwa Gusau abin bai cika awa guda ba a mota mai lafiya, daga Gusau zuwa Bungudu kuwa ko rabin haka bai kai ba. Amma wanda ya san wannan hanya a shekarun nan ya san da lokacin tashi ake auna ta, domin ba mai hankalin da zai yi sammako irin na da ya bi ta da duku-duku, ko ya bari la'asar sakaliya ta riske shi tsakanin gari da gari. Saboda haka sai da hantsi ya dubi ludayi na isa tasha.

Motar da ke kan layi Golf ce, irin wadda Jamusawan da suka ƙera ta suka ƙaddara wa mutum biyar har da matuƙi, mu kuwa muka yi mata ijtihadi ta koma ta bakwai: huɗu a baya, biyu a gaba, sai direba, ban da buhunan da aka ɗaure a but har murfinsa ya kasa rufuwa. Ɗan kamasho ya dubi furfurata ya ba ni gaba, ya haɗa ni da wani siririn mutum mai rawani, wanda tun daga sallamarsa na gane mutumin Maraɗi ne, fatauci ya kawo shi. Direban dattijo ne da ya doshi saba'in, kuma abin da ya fara jan hankalina gare shi shi ne, bai shiga motar ba sai da ya kewaye ta, ya bugi kowace taya da ƙafa, ya ɗaga murfin inji ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge a tsumma ya mayar ya sake zarowa, ya leƙa ruwan lagireto, sa'an nan ya zauna ya taka birki sau uku motar tana tsaye, ya motsa leɓɓansa da addu'ar hawa abin hawa, kana ya murɗa makulli.

Ba mu yi nisa da barin gari ba muka tarar da shinge. Aka ɗaga mana hannu, direba ya yi kiliya, ya miƙa takardunsa daga cikin wata tsohuwar jakar fata. Mai kakin ya juya lasin gaba da baya, ya dubi hoto ya dubi fuska, ya mayar masa, muka wuce. A nan ne Bamaraɗen ya roƙi a ba shi katin ya gani, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar mai duba ingancin takardar kuɗi, ya ce, "Baba, wannan shi ne parminku? To, wata nawa ka yi a lakwal kafin su ba ka?" Dattijon ya yi murmushi bai ɗauke ido daga kwalta ba, ya amsa da harshensa na Zamfara: "Alhaji, wagga takarda ta hukuma ta, kuma ina girmama ta. Amma ba ita tab ba ni hannu ba. Shekara bakwai ina bisa bodi kahin ubangidana ya bar ni in ja mota da lodi."

Ya kamata in tsaya nan in faɗi abin da doka ta shimfiɗa, don kada mai karatu ya zaci ƙasarmu ba ta da tsari, alhali tsarin nata a rubuce bai gaza na kowa ba. Tun watan Fabrairu na 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda jama'a ke kira rod sefti, aka ɗora Farfesa Wole Soyinka a kan shugabancinta na farko. Lasin tuƙi kuwa hannu uku ke haɗuwa a kansa, wato ita wannan hukuma, da jami'an duba lafiyar motoci masu fararen kaya, da ofishin tara haraji na jiha. Sharaɗin farko mutum ya cika shekara 18. Sa'an nan ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya liƙa jan harafin nan na masu koyo a gaba da bayan mota, ya ci jarrabawa a hannun mai fararen kaya, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi na kwana 60, kafin na ainihi ya fito, mai shekara uku ko biyar. An ƙayyade gudu kuma: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya irin wadda muke kai, tirela da tanka kuwa kada su wuce 50 a kanta. Duk wannan yana nan a littafi. Sai dai kowa ya zauna majalisar direbobi ya ji labarin 'yan tsakani, waɗanda ake miƙa wa kuɗi su je su shirya komai, mai katin bai taɓa yin ribas a gaban mai jarrabawa ba. Ni kaina ina da ɗan'uwa wanda lasinsa ya riga iya tuƙinsa zuwa gida da wata huɗu.

Dattijon ya ba mu labarin nasa karatun a hankali, yana yanke shi duk lokacin da rami ya buƙaci hankalinsa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinsa ya kai shi ga wani mai gingimari mai bodin katako a Gusau, wanda ke ɗaukar gyaɗa da auduga, ya damƙa shi amana kamar yadda ake damƙa yaro ga malamin allo. Shekarar farko aikinsa wanke mota, da ɗebo ruwa, da dafa abinci a zango, da kwana a ƙarƙashinta yana gadin kaya. In kuwa aka zo hawa mai tsauri, shi ne zai diro da weji a hannu yana bin motar a guje, don ya cusa a bayan taya in inji ya gaza. Daga nan ya koyi ɗaurin tamfol, da canjin taya, da sauraron kukan inji har ya riƙa bambance ƙarar da ke nufin mai ya yi ƙasa da wadda ke nufin kuloci ya fara cinyewa. Sai a shekara ta uku aka yarje masa ya tayar da inji da asuba ya ɗumama shi. A ta biyar ya fara matsar da motar cikin tasha ba kaya. Bayan haka ya riƙa janta a miƙaƙƙiyar hanya, ubangidan yana gefe da carbi, in ya saki kuloci da garaje carbin ne ke sauka a ƙeyarsa. Ranar da za a yaye shi ubangidan ya sayi goro, ya tara manyan direbobin tasha, ya miƙa masa makulli a gabansu aka yi fatiha, sa'an nan ya kama hannunsa ya kai shi inda ake yanka lasin. Ya kuma faɗa mana sunan wanda ya koya wa ubangidan nasa, da sunan wanda ya koya wa wancan.

Muna cikin wannan ne muka gifta yankin 'Yandoto, sai na ji zuciyata ta haɗa abu biyu da ban taɓa haɗawa ba. 'Yandoto dai, ga wanda bai sani ba, birnin malamai ne tun kafin jihadi, inda masu neman ilmi ke taruwa daga nesa, har zuwa lokacin da Muhammadu Bello ya ci shi a farkon shekarun jihadin. Sarautar Tsafe ta yau da sunansa ake kiranta, 'Yandoton Tsafe, kuma Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, daga wannan yanki ya taso. A irin waɗannan makarantu ba a san takardar shaida mai hatimin hukuma ba. Abin da aka sani ijaza, wato malami ya dubi almajirin da ya daɗe a gabansa, wanda ya san fahimtarsa, ya san halinsa, ya san inda yake tuntuɓe, ya ce na yi maka izni ka karantar da littafi kaza kamar yadda wane ya yi mini izni, shi ma daga wane, har salsalar ta tuƙe ga mawallafi. Nauyin ijaza yana kan mai bayarwa kafin mai karɓa, domin in almajiri ya yi ɓarna a fatawa, sunan malaminsa za a fara tambaya. To, wannan dattijo da ke gefena isnadinsa ya karanto mana, ko da yake bai kira shi da wannan suna ba. Goron da aka raba a tasha shi ne walimar saukarsa, kuma har yau, bayan kusan shekara hamsin, yana tuƙi kamar mai tsoron kada a ce yaron wane ne ya yi wannan aika-aika.

Na kuma lura hanyar tana da harshenta, wanda ba ya cikin littafin dokokin hanya, kuma ba a koyonsa sai a bisa bodi. Mun daɗe a bayan wata tirela, sai ta kunna siginar hagu alhali babu wata kwana a hagun. Direba ya ce ma'anarta kada ka fito, akwai mai zuwa. Da ta mayar ta dama ya ce yanzu ta ba mu hanya, ya fita ya wuce, ya taɓa oda sau biyu gajeru, wato na gode, ta amsa da guda. Ɗanyen ganye da aka jera a kan kwalta yana nufin mota ta lalace a gaba. Mai tahowa in ya walƙa fitila yana iya nufin gaisuwa, yana iya nufin akwai masu kaki, yana iya nufin rage gudu, hannun da ya fito ta taga shi ke fassara wanne ne. Amma ayar da ta fi kowace nauyi a wannan zamani ita ce wadda ba a yin ta da fitila ko hannu: in aka ɗan jima ba a yi kiciɓis da mota ko guda daga gaba ba, sai hira ta mutu, direba ya sassauta, ya nemi gari mafi kusa ya tsaya, har sai wani ya ɓullo ya ce hanya lafiya. Ya ce mini a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, wannan harshe shi kaɗai ya rage musu na sanin abin da ke gaba. Ya zama ke nan mun koma zamanin ayarin fatake, da madugu da jagaba, kowa yana jiran na gaba ya share masa hanya, sai dai jakunan sun zama na ƙarfe.

Da Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, ya tokare sararin sama kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya a tsakiyar ƙasa, dattijon ya nuna wani wuri da haɓa ya ce a nan suka kwana daren canjin hannu. Matasan da ke baya ba su san zancen ba, sai da aka yi musu bayani cewa Nijeriya ta gaji bin hannun hagu daga Ingila, ta yi ta binsa har ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da aka wayi gari kowace mota ta koma dama. Dalilin kuwa a fili yake: maƙwabtanmu duka, Nijar da Dahomey da Kamaru da Cadi, a dama suke bisa gadon Faransa, ba shi kuwa da ma'ana direban da ya taso daga Gusau ya bi ta Ƙauran Namoda da Zurmi ya isa Jibiya, ya zama dole ya sauya hannu kafin ya shiga Ɗan Isa. Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana ta biyo baya a 1974. Ya ce a makonnin farko kowa tafiyar hawainiya yake, ubangidansa ya ɗaura jan ƙyalle a madubin dama don tuni, kuma bai taɓa ganin direbobi sun yi ladabi irin na waɗannan kwanaki ba, saboda tsoro ya mayar da gwani da ɗan koyo ɗaya. Bayan wata tara aka yi canjin kuɗi, fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Har yau tsofaffi da waɗannan biyu suke lissafin haihuwa da aure.

Bamaraɗen, wanda ya daɗe yana jiran nasa fagen, ya karɓi zance. Ya ce a wajensu sai mutum ya zauna makarantar mota ya haddace abin da suke kira kod, wato alamomin hanya da hukuncin kowace, a yi masa tambayoyi, in ya haye sa'an nan a gwada hannunsa. Kuma in jandarma ya busa usur, ba a tsayawa yi masa kirari, abu uku zai nema, parmi da kart giris da asirans, wato lasin da takardar mota da inshora. Ya ce akwai ƙa'idar da suka gada daga Faransa, cewa a mararrabar da ba alama, wanda ya fito maka daga dama shi ke da hanya, ko da keke yake kai kuwa kana cikin tirela. Direba ya ce, "Mu nan mai babbar mota shi ka da hanya, sai mai jiniya, sai wanda yaf fi ƙarfin hali." Aka yi dariya. Amma mutumin mai adalci ne, domin da kansa ya ƙara da cewa 'yan kabu-kabun Maraɗi ba su fi namu natsuwa ba, kuma wanda ya ga yadda ake jibga mutane a kan kaya a manyan motocin da ke nufar Agadas ba zai yi wa Golf ɗinmu gori ba. Ni kuwa abin da ke ba ni mamaki shi ne, sarkin garinsu Sarkin Katsina ake ce masa, na Gusau ma Sarkin Katsina. Jini ɗaya, harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, amma da yake wani Bature ya bi ta can wani ya bi ta nan, sai ga shi ko sunan takardar tuƙi ba mu haɗu a kansa ba.

Na ba su ni ma abin da na sani na ƙasashen nesa. A Ingila tun 1935 aka wajabta jarrabawar tuƙi, kuma har yau kusan rabin masu shigarta faɗuwa suke yi. Wani ɗan ƙanena da ke karatu can, wanda ya shekara takwas yana tuƙi a Kaduna, sau biyu ana kayar da shi, na farko wai don bai juya kai ya dubi madubi yadda mai jarrabawa zai gani ba. Can ana rubuta wa direba maki a kan kowane laifi, in suka kai 12 cikin shekara uku a raba shi da tuƙi, sabon direba kuwa 6 sun isa a karɓe lasinsa a shekaru biyun farko. A Jamus sai mutum ya koyi taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, an gwada idonsa, ya yi darussa na musamman na tuƙin dare da na babbar hanya, kafin a saurare shi. A Saudiyya, inda na ga abin da idona lokacin aikin Hajji, na'urar ɗaukar hoto ce ke tsaye a madadin mai kaki, tara kuwa ta wayarka za ta same ka, ba wanda za ka ce wa ranka ya daɗe. Mata ma sai a watan Yuni na 2018 aka ba su izinin tuƙi. Ɗan ƙanen nan nawa ya ce mini abin da ya fi ɗaure masa kai a Ingila shi ne ganin mutum shi kaɗai da tsakar dare, ba kowa a titi, ya tsaya wa jar danja. Kuma in ka danna wa wani oda, sai ya ɗauka zagi ne, alhali a wurinmu oda sallama ce.

Ra'ayina a nan, wanda ban tilasta wa kowa ba, shi ne waɗancan mutane sun gina hanyarsu a kan cewa direba bai san na gabansa ba kuma ba zai taɓa saninsa ba, don haka suka sa amanar a cikin takarda da alama da na'ura. Mu kuwa muka gina tamu a kan sanayya, kowa yaron wani ne, kowa ana iya kai ƙararsa ga ubangidansa ko shugaban tasha. Tsarinmu ya yi aiki muddin motoci kaɗan ne, direbobi kuma sun san juna daga Funtuwa har Sakkwato. Yanzu da mota da babur suka yi yawa har ba mai iya ƙirga su, salsalar ta tsinke a wurare da dama, takardar da aka ce ta maye gurbinta kuwa ba ta riga ta yi nauyin da za a ji tsoronta ba.

Gusau ce ta nuna mini haka ƙarara. Garin da jirgin ƙasa ya raya, tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa shi ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, yanzu kuwa babur da adaidaita sahu ne suka mallaki titunansa. Na tsaya a bakin shataletalen Lalan ina kallo, na ga yaro wanda gemu bai tsiro masa ba ya ɗauko mutum biyu da buhu ya shigo ta hannun da ba nasa ba, jami'in ZAROTA, hukumar kula da hanya ta jiha, yana busa usur ta wannan gefe, wasu uku suna sulalewa ta wancan. Na tuna ranar 27 ga Oktoba, 1999, da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a wannan gari, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka ware musu motocin haya nasu, jama'a kuwa suka karɓa, saboda umarnin ya zo da harshen da suke ji. Na kuma tuna farkon 2009, da aka wajabta hular kwano a ƙasa baki ɗaya, wasu suka kifa ƙoƙo a ka don izgili, wasu fasinjoji suka ƙi sawa wai kada a yi musu asiri. Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya hana a yi wa gudu da ganganci irin wa'azin da aka yi wa cakuɗuwa, alhali kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don tsare su.

Malamin da nake tafiya ta'aziyyarsa shi ya fara nuna mini cewa fiƙihu bai bar wannan babi a buɗe ba. Ranar da muka iso babin hukuncin jini da haddodi a Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya tsaya a kan mas'alar dabbar da ta taka mutum ko dukiya, inda mawallafin ya ɗora lamuni a kan mai korarta da mai janta da mai hawanta, ya ce mini in lura, kalmar da aka kira mai korar da ita, sa'iƙ, ita ce Larabawan yau ke kiran direba da ita. Kisan kuskure yana da diyya, raƙuma ɗari ko dinari dubu, wadda dangin mai laifi na wajen uba ke haɗuwa su biya cikin shekara uku, yana kuma da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ya ce wannan haɗuwar dangi ita ce inshorar Musulmi ta asali, kuma hikimarta ita ce dangin da suka san aljihunsu zai yi kuka ba za su bar wawansu ya hau abin da bai iya ba. Mu yanzu muna yankar inshorar dole ta naira 15,000 a shekara don a nuna a shinge, mafi yawanmu ba su san ana iya neman haƙƙi da ita ba. In kuwa aka yi rashi, sai a taru a ce kwana ne ya ƙare, mun yafe. Yafiya falala ce ga masu ita, Allah ya ba su lada. Amma ba ta ɗauke kaffara, ba ta kuma mayar da sakaci ya zama ƙaddara tsantsa, tun da an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

A Gusau na yi sallama da dattijon, na shiga wata motar mai zuwa Bungudu. Matuƙinta saurayi ne da bai wuce ashirin da biyu ba, da waya a hannun hagu, kiɗa yana tashi, bel kuwa ya ratayo shi a kafaɗa bai maƙala ba, na nuna wa masu kaki ne. Tun da muka fita gari allurar gudu ta haura ɗari ba ta sauko ba. A wata kwana ya fito zai wuce tanka, ita kuwa tana ta kunna masa siginar hagu, bai san karatunta ba. Sai ga a-kori-kura ta ɓullo cike da mutane, ya fizgo sitiyari ya koma bayan tankar da ƙyar, har na ji iskar wucewarta a kuncina. Salati ya tashi. Wata tsohuwa da ke bayansa ta miƙo hannu ta dafa kafaɗarsa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗan nan, ɗan wa kake a garin nan?" Ya faɗi unguwarsu da gidansu. Ta ce, "To, na san kakarka, tare muka yi talla. In ka sauke mu lafiya zan biya in gaishe ta." Ya ajiye wayar a kan cinya, ya kashe kiɗan, allura ta sauko saba'in ta zauna nan har muka hango rufin kwanon Bungudu da itatuwan bakin gulbi.

Da muka sauka ana kiran azahar, na miƙa masa kuɗinsa, na tambaye shi ko yana da lasin. Ya zaro shi da sauri daga aljihun gaba, sabo fil, mai shekara biyar, ko ƙura bai yi ba. Na ce wa ya koya maka? Ya ce, "Baba, ba kowa. Da motar yayana na koya a filin idi, sati biyu." Ya ɗan yi shiru, ya dubi inda tsohuwar ta nufa da ƙunshinta a ka, sa'an nan ya ce, "Wai me tankar nan take nufi da siginar da ta yi ta kunnawa?" Na gaya masa yadda aka gaya mini da safe, hagu kada ka fito, dama ga hanya, na ƙara masa da zancen ganye da na oda biyu. Ya maimaita a bakinsa sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya juya motar, ya leƙo ta taga yana kiran Gusau mutum ɗaya, ni kuwa na tambayi wani mai faci hanyar gidan makoki.